Mutumin da Ke Cikin Kujerar Mumuni

Duk shekara idan aka turo mana sababbin 'yan bautar ƙasa, sai an sami wanda zai tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tarin kwalin da ke kusurwa, ya dubi tukunyar da ke kan gawayi, ya dubi yaran da ke kwance kan tabarma, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ina ofis yake. Nan ne ofis. Bana kuma wata 'yar unguwar Maamobi mai dogayen farce, wadda ni na koya wa uwarta lissafi a aji uku, ta ce wa ƙawarta da muryar da ta zaci ba ta kai kunnen tsohuwa ba: "Chale, wannan ai wasa da jarirai ne kawai." Malamar makaranta ba ta amsa raɗa nan take, jira take yi ta mayar da ita darasi. Ga darasin.

Aikinmu shi ne yaron da ya makara. Wanda sa'o'insa suka riƙe wuya, nasa yana lilo kamar alayyafon da ya kwana. Wanda ake ta jiran ya zauna har aka daina faɗa. Wanda ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Likita zai gan shi, ya faɗi sunan abin da dogon Turanci, ya ce a dawo da shi. Tsakanin wannan zuwa da wancan dawowa, mu ne. Muna shiga lungu, mu nuna wa uwa yadda za ta ɗauke shi, yadda za ta ba shi koko kada ya shaƙe, yadda za ta miƙe masa ƙafar da ta ƙage. Karin maganar nan da kuka haddace don jarrabawa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu da ita muke cin abinci.

Aiki na farko da aka ba ni a wannan sana'a kwanciya ce. Wadda ta koya mini, Anti Dede, Bagaya ce, 'yar ƙabilar da ke bakin tekun Accra, ta yi shekaru tana taimaka wa masu gashin ƙashi a asibiti. Ta ɗauke ni ne saboda tana bukatar bakin da zai buɗe mata ƙofofin Zongo, unguwannin masu jin Hausa, domin Hausarta irin ta kasuwa ce, wadda kowa a cikinta namiji ne. Ranar da na fara, na zo da biro da sabon takalmi. Ta shimfiɗa tabarma, ta ce in kwanta rigingine, kada in motsa kai, kada in yi magana, ta tafi dama kokonta. Na kwanta har bayana ya fara ƙorafi. Mutane suna wucewa, ina jin muryarsu, ba na ganin kowa. Da ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ticha, me ka gani?"

"Kwanon rufi," na ce.

"Sai me?"

"Sai tsatsa."

"To shi ne duniyan yaron ke nan. Kwano da tsatsa. Ka ɗaga shi zaune, ka ba shi mutane."

Daga nan ta nuna mini kujera. Kujerun asibiti na ƙasar waje ne, ba na mai sayar da ƙosai ba, don haka mu namu da kwali muke yi. Kada ku yi dariya, kujerar da aka yi daidai za ta ɗauki alhaji mai tumbi. Kwalin da ya fi kyau na kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ne, wanda ake kawo gilashin mota a ciki. Za ki yanka shi da wuƙa mai kaifi, ki jera falle kan falle, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, ki haɗa su da kokon garin rogo mai kauri, ki danne da duwatsu har su zama katako. Za ki yi majingina mai ɗan kwanciya, da bango biyu a gefe don kada yaro ya zube, da turke tsakanin cinyoyi don kada ya zame, da tire a gaba wanda aka yanke daidai cikinsa, inda zai ɗora hannu. Sai ki lulluɓe komai da takarda, ki rufe da takardar buhun siminti, ki shanya, ki yi fenti. Sauran kayan aiki ba su cika jaka ba: gwangwanin madara mai tsakuwa a ciki, tawul naɗaɗɗe, cokali mai laushi, tocila.

Kowace kujera ta yaro ɗaya ce, don haka sai an auna. A nan ne mai karatu yake fara tuntuɓe. Kada ki kuskura ki kwantar da yaro ki miƙa igiya ko tef daga kansa zuwa ƙafarsa a gaban manya. A Zongo mutum ɗaya ake aunawa a kwance, kuma ba ya tashi. Ki ɗora shi kan cinyarki kina masa wasa, ki auna da taƙi da yatsu, ki riƙe a ka har ki fita daga gidan.

Sai maganar takarda, kuma ku riƙe ta, domin labarin a kanta ya rataya. Jarida ba ta da ƙarfi. Takarda mai kyau tana New Town, wajen masu buga takardu, inda ake zubar da ragowar aiki a buhu. Abu biyu aka fi bugawa a Accra: fuskar mai neman ƙuri'a da fuskar wanda ya mutu. Ta 'yan siyasa tana da lokaci, kuma ba ta riƙe koko, kamar masu ita. Ta sanarwar jana'iza kuwa ba ta yankewa rani da damina, ga kauri, ga santsi. Akwai wani mai injin bugawa da yake tara mana ita kyauta. Bayan takardar ne ke shan koko, saboda haka fuska sama take kallo. A jikin kujera yayyaga ta muke yi, kunne nan, rabin kwat can. Amma tire yana son shimfiɗa sumul, don haka falle guda muke ɗora masa, sannan takardar siminti ta rufe. Mun yi shekaru yaran unguwarmu ta Nima suna koyon zama a kan cinyar mamatan Accra, kuma ba a taɓa samun ƙorafi daga kowane ɓangare ba.

Masu zuwa wurinmu iyaye mata ne. Uba kamar wutar lantarkin garin nan yake, in ya zo a gode, in ya ɗauke ba a mamaki. Amma wadda ke yanke hukunci a kan yaro ba uwa ba ce ba uba ba, kaka ce. In kika samu kaka kin samu gida. In kika rasa ta, ko kujerar zinariya kika kawo, za a ɗora mata bokiti.

Shekarar da ba na mantawa ita ce ta ruwa. Anti Dede ta riga ta rasu, ni kaɗai nake riƙe da wurin nan. Sama ta buɗe ta manta yadda ake rufewa. Babbar gota, magudanar ruwan da ta raba Nima da Maamobi, ta cika ta shiga gidaje, tana kawo wa kowa sharar maƙwabcinsa. Koko ya ƙi bushewa. Kujerun da na jera a nan suka yi furfura da fumfuna, ɓeraye suka gano cewa rogo muke shafa musu. Waɗanda ke gidajen mutane suka yi laushi suka durƙushe, yaran suka koma kallon kwano. A cikin wannan damina aka kai ni gidan Hajiya Memuna.

Hajiya Memuna mai waakye ce, shinkafa da waken da rabin unguwa ke karyawa da shi. A tsakar gidanta ake layi da safe. Ɗanta Issaka direban babbar mota ne a hanyar arewa, zuwansa gida sai an yi sa'a. Matarsa Ayishetu yarinya ce mai magana ƙasa-ƙasa, kuma ita ta aiko a kira ni. Ɗansu Mumuni ya haura shekara. An sha wuyar haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba. Ba ya riƙe wuya, ba ya zama, idanunsa suna yawo ba sa sauka kan komai, har asibiti suka ce mai yiwuwa ba ya gani. Dogo ne siriri, jikinsa da sanyi, yawu ba ya tsayawa a bakinsa, kuma idan yana son motsi sai ya yi ta murɗawa a kan bayansa. An ajiye shi a ƙuryar ɗaki mara taga, bayan labule, don kada masu sayen abinci su gan shi.

Kun san abin da ake kiran irin wannan yaro. Ɗan ruwa. Wai ba mutum ba ne, baƙo ne daga kogi ya shigo cikin mace. Kun kuma san abin da ake yi, ko da kuna nuna ba ku sani ba. Akwai masu rakiya. Ana ba su yaro da ƙwai da dakakkiyar doya, su kai shi bakin kogi, iyaye su juya baya su tafi ba waiwaye, daga baya a gaya musu ya zama maciji ya shige ruwa. Ban taɓa samun wanda ya waiwaya ya ba ni labari ba. Malamai suna tsine wa abin a kan mumbari, mutane suna cewa amin, kuma masu rakiyar ba su mutu da yunwa ba.

Abin da ya ƙara wa wuta mai shi ne ranar da gota ta shiga gidan. Ayishetu ta ruga ɗaki ta tarar ruwa ya kewaye tabarmarsa, yana taɓa masa ƙafa, shi kuwa yana dariya. Dariyarsa ta farko ke nan a duniya. Kafin la'asar duk lungun ya ji cewa danginsa sun zo gaishe shi. Layin waakye ya fara gajarta. Hajiya ta aika wa wani mai rakiya, ya ce da zarar ruwa ya lafa hanya ta buɗe zai zo. Ayishetu ce ta gaya mini haka, tana kallon yatsun ƙafarta.

Hajiya ba muguwa ba ce, ku cire wannan a ranku. Mace ce mai salla a kan lokaci, ta ciyar da marayun da ba ta san iyayensu ba. Ta yi imani ne cewa abin da ke bayan labulen ba jikanta ba ne. Abu ɗaya na lura da shi. Kowace kaka a Zongo tana kiran jikanta namiji mijinta, ta yi ta tsokanarsa a kan kuɗin cefane tun yana cikin zani. Hajiya ba ta taɓa kiran Mumuni haka ba. Ko sunansa ba ta faɗa. "Na ciki" take cewa.

Da na roƙe ta izinin yi masa kujera, ta ci gaba da juya tukunyarta.

"Malama, ki yi. Baƙo ma ana ba shi wurin zama kafin ya tafi."

Na yi kujerar cikin gaggawa, domin lokacin da nake da shi iyakar tsawon damina ne. Na busar da ita a jikin tandar wani gidan burodi. Fenti kam ba halin yi, ba zai bushe ba, don haka na kai ta da takardar siminti tsirara. Na zaunar da shi, na tokare shi da tawul, na saka tire. Kansa ya faɗo gaba, yawu ya fara ɗiga. Na ce wa Ayishetu ta riƙa zaunar da shi safe da yamma, na tafi ceto sauran kujeruna.

Bayan kwanaki, da tsakar rana, ta shigo nan a jiƙe sharkaf, ba ko sallama.

"Malama, don girman Allah, wa kika saka a cikin kujerar?"

Na ce ta zauna. Ta ƙi.

"Da farko tabo ne guda biyu, inda yawunsa ke zuba. Na goge, suka ƙara baƙi. Washegari suka zama ido. Wallahi ido, Malama, suna kallon sama. Jiya hanci ya fito. Na rufe da zani, yaron ya yi ta kuka har ya shiɗe, sai da na buɗe ya yi shiru. Yau baki ya fito. Hajiya ba ta gani ba tukuna."

Muka tafi. Ƙarfe goma sha biyun rana ne, amma ɗakin nan duhu kamar cikin tulu. Ruwa yana dukan kwano. Kafin idona ya saba, wani sauti na fara ji, irin gurnanin kurciya, a hankali, ana yi ana hutawa kamar mai jiran amsa. Na kunna tocila.

Takardar simintin ta jiƙe ta zama kamar fatar albasa, ta saɓule a tsakiya. Daga cikin tiren wani dattijo yana kallon sama. Baƙi ne wuluk, gashinsa fari fat, da tabarau mai kaurin baki, da murmushin wanda aka ce masa ya yi murmushi. Inda sunansa da shekarunsa suke, laima ta cinye. Mumuni kuwa, yaron da tun da aka haife shi kansa bai taɓa tsayawa da kansa ba, ya ɗaga shi daga kan ƙirji. Wuyan yana rawa kamar kara a iska, amma yana tsaye. Idanun nan masu yawo sun sauka wuri guda. Shi ke gurnanin. Hira yake yi da mamacin.

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, kuma na san daga wane buhu takardar ta fito. Duk da haka sai da na yi a'uziyya kafin na yi tunani.

Da tunanin ya zo, sai na yi aiki. Na rufe fuskar da tafin hannu. Kan yaron ya faɗi, ya fara kuka. Na janye, ya ɗago. Na zare tiren na matsar da shi dama, ya rasa shi. Na dawo da shi hagu, ƙasa-ƙasa, kusa kamar tsawon taƙi guda, idon ya kama, ya bi shi. Jariri fuska yake fara nema a duniya, kuma baƙi da fari yake fara rarrabewa. Mumuni yana gani. Ganinsa 'yar ƙaramar taga ce, ta hagu, ta ƙasa, ta kusa. Shekara guda kowa yana tsaya masa a ka, daga sama, cikin duhu, ko kuma yana goye yana kallon zani. Ba wanda ya taɓa leƙowa ta wannan tagar sai wannan bawan Allah, shi ma don an manna shi a wurin ne.

Ina cikin yi wa Ayishetu bayani aka yaye labule. Hajiya ce, da ludayi a hannu. Ta dubi yaron, ta dubi tiren. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi salati ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"To," ta ce. "Ya ga nasa."

"Hajiya, takarda ce. Daga New Town na ɗebo ta. Sanarwar jana'izar wani ce."

"Na san takarda, Malama, ban zo Accra jiya ba. Ni tambayata ɗaya ce. Shekara guda yana gidan nan. Uwarsa ta ba shi nono, bai dube ta ba. Ni na ciyar da uwar, bai dube ni ba. Yau an kawo masa matacce, ya ɗaga kai yana masa hira. Ke mai ilimi, gaya mini, wane ɗan Adam ne ke yin haka?" Ta juya ga Ayishetu. "Ba sai ruwa ya lafa ba. Gobe zan aika ya zo ko da kwalekwale ne."

Ayishetu ta sulale ƙasa ta riƙe ƙafar kujerar.

Akwai lokacin da bayani ba ya aiki. Da na fara yi mata karatun jijiyar ido, da ta bar ni ina yi ta koma kan tukunyarta. Abin da na sani game da Hajiya shi ne ba ta yarda a fi ta a cikin gidanta.

"Hajiya," na ce, "wannan dattijon ba danginku ba ne. Ba addininku ɗaya ba. Ga shi kuma ya mutu. Amma kwana da kwanaki yana zaune a inda jikanki zai iya ganinsa. Ke kin taɓa zama a wurin?"

Ludayin ya motsa a hannunta. Na ɗauka a kaina zai sauka.

"Ni zan durƙusa wa na ciki?"

"In bai dube ki ba, kin yi asarar durƙuso ɗaya. Ni kuma in ɗauki kujerata, ba za ki sake ganina ba."

Wannan ba ƙaramar caca ba ce, kuma ba da kayana na yi ta ba. Yaro irin wannan yana iya yin abu yanzu, ya ƙi maimaita shi har mako. Amma gobe ba ta da nisa.

Muka fito da kujerar bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfa, inda akwai haske. Karonsa na farko ke nan a tsakar gidan da rana. Matan gidan haya suka fito suka jeru a ƙofofinsu, kowace ta riƙe ɗanta a baya. Na zare tiren na kifa shi a bango. Kan Mumuni ya faɗi, ya fara ƙananan kuka. Hajiya ta ba wata ludayi, ta dafa gwiwa, ta sauka a hankali, ƙasusuwanta suna ƙara. Baƙar mace ce, da farin mayafi, da kwalli mai kauri a ido, da haƙorin Makka ɗaya a gaba. Ta kafa masa fuska daidai gabansa.

Bai dube ta ba. Idanun suka ci gaba da yawo, suka wuce ta kamar bango. Yawu ya ɗiga kan cinyarsa. Ruwa yana zuba daga indararo. Wata daga can ta ce, "Hmm," irin wanda ya fi jimla nauyi. Hajiya ta dafa ƙasa za ta tashi.

"Ta hagu, Hajiya."

Ayishetu ce. Yarinyar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban surukarta ba.

"Ta hagunsa. Ki sunkuya ƙasa kaɗan. Ƙara. Matso kusa."

Hajiya ta juyo ta yi mata kallon da zai ƙona tuwo. Amma ta matsa. Tsohuwa mai gida guda, kuncinta ya kusa taɓa gwiwar jariri, a gaban 'yan haya. Ta buɗe baki, ina jin za ta ce ya isa haka, sai haske ya faɗa kan haƙorin nan.

Idon ya tsaya.

Kan ya fara tasowa, yana rawa, yana komawa, yana sake tasowa, har ya tsaya. Ya dube ta. Ba wucewa ba, kallo, irin wanda mutum ke yi wa mutum. Sai gurnanin kurciyar nan ya fito. Hannunsa na hagu, wanda kullum yake dunƙule, ya yi tsalle ya bugi hancinta, yatsun suka sarƙe a bakin mayafinta, suka ƙi saki.

Ban san iya lokacin da suka yi a haka ba. Hajiya ba ta motsa ba. Can sai ta ce:

"Kai, sake ni. Ji mini mijin banza. Shekara guda ba cefane, ba ko gaisuwa, yau rana ɗaya ka zo za ka yaga mini mayafi."

Ta ɗago ta dubi matan da ke ƙofofi.

"Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin mace da mijinta ba?"

Sai da mutum biyu suka kama ta kafin ta miƙe. Ba a sake ambatar mai rakiya a gidan ba, a gabana dai. Abu ɗaya ta ce mini kafin in tafi: in fitar mata da wannan mutumin daga gida, kuma in kawo wa Mumuni sabon tire mai fenti kamar na 'ya'yan mutane. Da bakinta ta faɗi sunan yaron.

Kada ku zaci ya tashi ya zama injiniya. Aiki ya ci shekaru, da miƙa ƙafa, da kuka, da koyon haɗiya. Yau yana tafiya da ƙarfen dogarawa, maganarsa sai mai haƙuri, kuma shi ke miƙa ganyen da ake zuba waakye a ciki, yana zaune ta daman Hajiya don ta kasance a hagunsa. Daga wannan shekara muka fara zana fuska baƙi da fari a kan tiren duk yaron da ake shakkar ganinsa, kuma muka fara neman tagar kowane yaro kafin mu yarda cewa ba shi da ita. Takardun jana'iza har gobe muna amfani da su, sai dai na tire ma yanzu yayyagawa muke yi.

Tsohon tiren shi ne abin da ke rataye can bayan ƙofa, wanda kuke ta tambaya me ya sa aka rufe shi da zani. Da ruwa ya ɗauke na kai shi New Town, ina son in san sunan mutumin, ko don in gaya wa iyalinsa cewa ya yi wani aiki bayan an binne shi. Mai injin ya sa tabarau, ya juya shi, ya shafa takardar, ya kira yaransa suka duba. Ya ce shi ba ya manta fuskar da ya buga, kuma wannan ba aikinsa ba ne. Na ce daga buhunsa ta fito. Ya ce ya ji, amma ba aikinsa ba ne. Na zaga sauran masu bugawa na layin, kowa ya girgiza kai. Mai yiwuwa mantuwa ce. Mutanen da ke buga mamata kullum ba za a zarge su da mantuwa ba.

Idan Ayishetu ta kawo Mumuni a duba masa ƙarfensa, ba ya gaishe ni da farko. Bayan ƙofa yake nufa, ya ɗaga zanin, ya karkata kai ta hagu, su yi maganarsu. Ni jira nake yi su gama.

Ke kuma mai farce, gobe ki yanke su kafin ki zo. Tabarma tana nan a shimfiɗe. Za ki kwanta rigingine, ba motsi, ba magana, har in gama dama koko, sannan ki gaya mini abin da kika gani.